Ginshiƙan Zauren Mai Saƙo

Litinin, da safe kafin fita

An karɓe mu! An karɓi wasanmu na kwamfuta a baje kolin ƙarshen wata! Jiya da yamma Manaja ya turo saƙon, na karanta shi a tsaye a ƙofar kicin, na kurma ihun da ya sa Mama ta saki murfin tukunya. Ta ce, "Ke, lafiya? Wa ya mutu?" Na ce ba wanda ya mutu, wasanmu ne za a nuna wa duniya. Ta ce, "To ɗauko mini murfina."

Mu uku ne rak a ɗan ofishin nan mai fanka ɗaya. Manaja shi ke rubuta labari, shi kuma ke yawon neman masu saye. Injiniya shi ke sa komai ya motsa a kwamfuta. Ni kuma zane: duk bishiya, duk dodo, duk fuskar da ke cikin wasan daga hannuna ta fito. Tabarau suke ce mini, saboda gilashin idona ya kai gindin kofi kauri. Ban damu ba, ni ma na sa musu nasu sunayen, sai dai ba sa jin su.

Labarin wasan ƙirƙirarmu ne. 'Yar mai fito ce kogin garinsu ya ƙafe, ta shiga duniya neman inda ruwan ya tafi. Mai wasa shi ne ita: shi zai zaɓi hanya, shi zai zaɓi abin da za ta faɗa wa aljanin daji ko dodon rijiya, kuma duk abin da ya zaɓa zai biyo shi. Saura abu ɗaya ba mu yi ba, wato zauren ƙarshe, inda wata halitta daga sama za ta zo mata da saƙo. Yau za mu zauna a kai. Hannuna har ƙaiƙayi yake yi.

Litinin, bayan la'asar

An yi zaman, kuma an yi faɗa, irin faɗan da nake so.

Manaja ya zo da hotuna cike da waya. Ya ce mala'ika yake so, mai fukafukai har ƙasa da takobin wuta, mai wasa ya gwabza da shi. Ya nuna mana yadda masu zanen wasu ƙasashe suka yi nasu tun zamanin da: jarirai ɓul-ɓul da fiffiken tattabara, dogayen samari da gashi har kafaɗa, da wani abu mai kama da taya cike da idanu wanda ya sa Injiniya ya ajiye shayinsa.

Na ce, "Ni dai hannun nan ba zai zana mala'ika ba. Ballantana a sa masa ma'aunin sauran ransa a ka, yaro yana dannawa yana saransa."

Manaja ya ce, "Tabarau, duk manyan wasanni haka suke yi."

Na ce, "Su suka sani. Je ka nuna wa mahaifiyarka, in ta sa albarka ka dawo."

Injiniya ya ce, "Ta kama ka." Daga nan aka sauko. Mun tsaya a kan cewa ba mala'ika ba ne, halitta ce ta cikin labarinmu kawai, sunanta Mai Saƙo, kuma ba a dukanta. To amma yaya kamanninta? Suka juyo suka zuba mini ido. Na ce su ba ni mako. Ban san me zan zana ba, kuma daɗin ke nan.

Talata, da rana

Na goge tabarau har hannun rigata ya gaji. Dattin nan ba a gilashin yake ba.

Laraba, bayan magariba

Na cika takardu da fukafukai, duk na yaga. Da na sa fiffike sai abin ya koma tsuntsu, da na cire sai ya koma mutum da farar riga. Na tambayi Mama yadda take ƙiyasta su a ranta. Ta ce, "Ni ba na ƙiyasta su. An ce da haske aka halicce su, ya ishe ni. Ke wane fensir gare ki na haske?"

Yaya tana gefe a kan keken ɗinki, ta ce, "Wannan yarinyar wata rana sai ta zana mu da jela. Zo ki sa mini zare a allura, mai manyan idanu." Aikina ne tun muna yara. Na ɗauki allurar, na kalli kafar, babu kafa. Ina ganin yatsuna, ina ganin zaren, amma daidai inda na kafa ido sai ka ce an dangwala yatsa mai maiƙo. Na ce ƙwan ɗakin ne ya yi rauni. Yaya ta ce sabo ne, ta karɓe abinta.

Bari in rubuta sau ɗaya in huta. Idona na hagu tun ina ƙarama ba ya aikin kirki, rakiya kawai yake yi. Na daman shi ne jarina, kuma a cikinsa tabon yake. Gajiya ce.

Alhamis, ƙarfe goma na safe

Na samu! Wallahi na samu! Bari in rubuta kafin abin ya gudu.

A cikin bas nake, wata mata tana zaune tana fuskantata da kwando a cinya. Na kalli fuskarta, babu fuskar. Gyale yana nan, kwando yana nan, tsakiya wayam. Na kawar da kai zuwa taga, sai ga fuskarta ta dawo ta gefen ido, tana hamma. Na sake kallonta, ta ɓace. Na kawar, ta dawo. Har matar ta tsargu ta gyara gyalenta.

To a nan abin ya faɗo mini. Mai Saƙo ke nan! Ba za a zana shi ba sam. Duk inda mai wasa ya juya ya fuskance shi, ba zai ga komai ba sai wani haske mai narkar da abin da ke bayansa. In ya kawar da kai, sai ya tsinkayi motsi a gefen allo, wani abu mai tsawo, kamar mayafi kamar ba mayafi ba. Da ya juyo, babu. Ba fiffike, ba fuska, ba wanda zai ce mun siffanta abin da ba mu gani ba.

Na wuce tashata ban sani ba, na dawo da ƙafa ina sassarfa. Na shiga ofis ban ko yi sallama sosai ba na hau bayani ina yarfa hannu. Injiniya ya ce, "Sake faɗa, a hankali, kamar ga mutum." Na sake. Ya juya ga kwamfutarsa bai ce komai ba, wanda a wurinsa shi ne tafi. Manaja ya ce, "A ina kika samo wannan?" Na ce a bas.

Asabar, da yamma

Injiniya ya haɗa na gwaji. Fili ne kawai babu ado, sai abin. Na karɓi madannin, na juya hagu, na juya dama, tsigar jikina ta tashi. Manaja da ya karɓa sai ga shi yana karkata kansa na gaske, yana leƙen gefen allon kamar zai ga bayan kwamfuta. Muka yi ta dariya har mai shagon ƙasa ya hawo ya ga ko lafiya.

Injiniya ya ce, "Gefen tabon fa, ya za a yi shi? Kaifi ko laushi?" Na ce laushi, kuma layukan da ke kusa da shi su ɗan lanƙwasa kamar ana jan su ciki. Ya ce, "Kin yi tunanin abin nan sosai." Na ce aikina ne.

Rabon da in ji daɗi irin na yau har na manta.

Litinin, da rana

Na biya shagon tabarau don a canza mini gilashi. Mai shagon ya sa ni karanta haruffa, ya haska, ya sake haskawa, ya daina raha. Ya ce ba aikin gilashi ba ne, in je asibitin ido cikin makon nan. Na ce to.

Bayan baje koli.

Talata, bayan la'asar

Yau rigimar zaɓi muka yi, kuma ta yi armashi. Manaja ya ce in ba faɗa a zauren ƙarshe, me mai wasa zai yi da yatsunsa? Zai zauna ne kamar a ɗakin jira? Injiniya ya ce a ba shi amsoshi ya zaɓa, kamar yadda ake yi da aljanin daji. Na ce a'a. Aljani ana ciniki da shi, ana yi masa wayo, ana ba shi toshiya. Mai Saƙo ba ya ciniki. An aiko shi ne, ba zai ƙara ba, ba zai rage ba, kuma ba ruwansa da ko ka ji daɗi.

Saboda haka zaɓin guda ne: ka tsaya ka ji, ko ka juya ka fita. Ƙofa a buɗe take. In ka fita wasan zai ci gaba, ba wanda zai hukunta ka, sai dai za ka yi ta yawo ba ka san inda ruwan yake ba. In kuma za ka tsaya, sai ka ɗauke hannunka daga madanni gaba ɗaya har ya gama magana.

Manaja ya ce, "Wasan da ake cin sa da sakin hannu? Za su zage mu." Can kuma ya ce, "Ko kuma su yi ta maganarmu shekara guda." Ya tashi yana zagaya ɗakin yana rubuta saƙon a iska. Na san mun gama da shi.

Yanzu saura zauren kansa, nawa ne ni kaɗai. Ginshiƙai nake so, dogaye, miƙaƙƙu sak, jere har inda ido ya ƙare, don in Mai Saƙo ya lanƙwasa abin da ke kusa da shi a ga bambanci. Gobe zan fara.

Laraba, da safe

Na zuba shayi a gefen kofi. Mama ta ce hankalina yana ofis. Haka ne.

Alhamis, bayan azahar

Na je. Ni kaɗai, na ce wa su Manaja banki zan biya.

An ɗiga mini magani a ido, an sa ni na jingina haɓa a wata na'ura, an ɗauki hoton cikin idon. Likitan dattijo ne mai sanyin murya. Ya juyo da allon don in gani, ya nuna wani wuri da biro, ni kuwa daidai inda biron yake nan ne ba na gani. Na kusa yin dariya. Ya yi maganar aikin tiyata, ya yi maganar kwanciya rub da ciki na kwanaki bayan aikin, ya ce da wuri ya fi. Na tambaye shi ko zai iya jira zuwa ƙarshen wata. Ya tambayi sana'ata. Na faɗa masa. Ya ajiye biron ya dube ni.

Ba zan rubuta abin da ya ce ba.

Da na fito rana ta yi mini yawa saboda maganin, na zauna a benci har ta lafa. Ina zaune na gano launin da zan sa wa ƙasan zauren, toka-toka mai ɗan shuɗi. Zai yi kyau ƙwarai.

Juma'a, da yamma

Bayan baje koli. Kwana nawa ne ma.

Asabar, da hantsi

Na shigo ni kaɗai don in ci aiki. Wani abu ya lalace a kwamfutata. Akwai abin da ake dannawa ya ja miƙaƙƙen layi da kansa, to yanzu duk layin da ya ja sai ya fito da ɗan ciki a tsakiya. Ina jin Injiniya ne ya taɓa wani abu ranar da ya yi gyara. Ban da lokacin jiransa. Na kashe abin, na koma hannu, kamar yadda na koya tun farko.

Kuma wallahi ya fi daɗi! Ginshiƙi ɗaya bayan ɗaya, ina ja ina gogewa ina gyarawa har sai ya miƙe sak. Na manta da abinci. Fankar tana ta ƙara, ni ina ta waƙa da ƙarfi tunda ba mai ji. Ban taɓa yin zanen da na so kamar wannan ba.

Litinin, bayan isha'i

Yaya ta ce me ya sa nake kallon kunnenta in tana magana. Na ce ɗan kunnen ne ya yi kyau. Ta ce tun bara take sa shi.

Asibiti sun kira. Ban ɗauka ba, hannuna da aiki.

Laraba, da yamma

Na gama zauren! Na tura musu, na jingina da kujera ina jiran yabo kamar sarauniya. Manaja ya buɗe a babban allo, ya miƙe tsaye. Ya ce, "Kai! Kai! Tabarau, ke ba mutum ba ce! Dubi yadda suke, kamar suna numfashi. Wa ya ce ki yi musu haka?" Ban gane ba, amma yabo ne, na karɓa baki har kunne. Ya fita yana kiran wani a waya.

Injiniya bai ce komai ba. Wannan karon ba irin shirun nan nasa na tafi ba ne. Ya ce gobe in shigo da wuri, akwai abin da zai nuna mini.

Alhamis, da safe

Zan je. Ƙila launin ƙasan ne bai yi masa ba.

Alhamis, bayan la'asar

Ba launin ba ne.

Na tarar ya riga ni, ya buɗe zauren a babban allo. Ya ciro rula daga aljihun tebur, irin ta katako ta 'yan makaranta, ya ɗora ta a jikin allon, a gefen ginshiƙin farko. Ya ce, "Wanne ne miƙaƙƙe a cikinsu?"

Na ce ginshiƙin. Rular ce ta lanƙwashe, ta tsufa.

Ya miƙo mini ita ya ce, "Rufe ido ki shafa."

Na shafa. Miƙaƙƙiya ce sak, daga farko har ƙarshe. Na tsaya riƙe da ita kamar wawiya. Ya ce duk ginshiƙan a karkace suke, kowanne da ciki a tsakiya, duk gefe ɗaya, kuma ba abin da ya taɓa a kwamfutata. Ya ce da farko ya ɗauka da gangan na yi, sai ya tuna ranar Talata na ce miƙaƙƙu sak nake so. Sannan ya tuna bas.

Ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce ba komai, gajiya ce.

Ya ce, "Tabarau, ni na gina tabon nan da hannuna. Ke kika faɗa mini laushin gefensa. Tun yaushe?"

Sai na yi kuka, irin mai majina, a gaban mutumin da ko sunan unguwarsu ban sani ba. Ya tura mini kwalin tishu da bakin rula. Na faɗa masa duka, har da abin da likita ya ce. Na roƙe shi ya bari sai bayan baje koli. Ya ce, "Yau za ki faɗa wa Yayarki. In ba haka ba gobe zan zo gaishe da Mama, kuma ni ban iya gaisuwa ba, gaskiya kawai na iya."

Na ji haushinsa ƙwarai. Har yanzu ina ji.

Alhamis, bayan isha'i

Na faɗa.

Juma'a, da rana

Yaya ba ta yi mini ta daɗi ba. Ta ce, "Allura! Kunne! Shayi a tebur! Ina kallonki kina raina mini hankali. Don wasan yara za ki ba da idonki? Idon ɗaya tal?" Na ce ba wasan yara ba ne. Ta ce in ƙara cewa haka in gani. Mama ta kamo fuskata da hannu biyu ta daɗe tana duba idon, kamar za ta ga abin ta cire da farce. Ni kuma ina kallonta ba na ganinta.

Da safe Yaya ta sa ni a gaba har asibiti. Likita bai ce "na faɗa miki" ba, Allah ya saka masa. An sake hoto. Ya ce ya ɗan ƙaru. Yaya ta tambaye shi ko zai koma kamar da. Ya ce za su yi iyakar ƙoƙari, kuma sai bayan makonni za a sani. Ta sake tambaya da wata siga, ya sake ba ta amsar nan dai.

An sa ranar Laraba. Baje koli Asabar.

Litinin, da yamma

Na je ofis na ƙarshe kafin aikin. Manaja ya ji komai, ya rasa inda zai sa kansa, ya sayo mini lemo har kala uku. Ya ce a bar ginshiƙan yadda suke, sun fi kyau, kuma zai faɗa wa kowa labarinsu.

Na ce a'a. Ni ban zana karkatattu ba, miƙaƙƙu na zana. Kuma idona ba abin talla ba ne. In ginshiƙan sun riga sun lanƙwashe, me Mai Saƙo zai lanƙwasa in ya zo? A miƙar da su.

Injiniya ya zauna a kujerata ya kunna abin jan layin nan da na kashe. Aikin da na yi kwanaki ina waƙa a kansa, kafin shayinsa ya huce ya gama. Suka ce sun miƙe. Na duba, duk suna lilo kamar igiya a ruwa. Na ce, "Madalla, haka nake so."

Amma da ya saki Mai Saƙo a ciki, Manaja ya ɗauke hannunsa daga madanni, muryar ta fara, ɗakin ya yi tsit har fanka kamar ta ji kunya. Ya yi. Wallahi ya yi. Ko da wane ido aka kalla, abin nan ya yi, kuma mu muka yi shi.

Talata, bayan magariba

Na haɗa jaka. Yaya ta ɗinka mini matashi mai rami a tsakiya don fuska. Ina tsoro.

Alhamis, da rana

Yaya ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Ta ce in daina sauri, ita ba injin ba ce.

An yi aikin. Ina gida, kife a kan gado, fuskata cikin ramin matashi a bakin katifa, ina kallon ƙasa da na hagun. Na san tayil ɗin ɗakin nan yanzu fiye da wanda ya shimfiɗa shi. Ƙafafu kawai nake gani: silifas ɗin Mama, da yatsun Yaya da ke buƙatar yankan farce. Ta ce ba za ta rubuta wannan ba. Ta rubuta.

Asabar, bayan azahar

Har yanzu hannun Yaya.

Injiniya ya kira daga wurin baje koli ya bar wayar a buɗe a kan tebur. Yaya ta tura mini tamu ƙarƙashin gado daidai fuskata. Hayaniya kamar kasuwa. Ina jin Manaja yana zuba kamar mai tallan magani. Ina jin wani yana cewa, "Ina abin yake? Kai, juya, juya, ga shi can! Ya tafi!" Wata ta ce, "Dakata, kar ka taɓa komai, magana yake yi." Daga nan gefen teburinmu ya yi shiru, dogon shiru, a tsakiyar duk wannan hayaniyar. Sai wani ya ce, "A sake."

Injiniya ya ce layi ya kai har teburin maƙwabta, kuma mutane suna ta karkata kai kamar kaji. Wata mata ta tambayi wa ya zana halittar. Ya ce mata ba a zana ta ba, amma mai zauren tana gida tana hutawa. Na yi ihu cikin matashi, na buga ƙafa a katifa, Mama ta rugo ta ce za a ɓata aikin likita. Hawaye ya ɗiga a kan wayar. Yaya ta ce tata ce, in biya ta.

Lahadi, da hantsi

Jiya da daɗin ya lafa sai na kasa zama da shi. Akwai kashi na biyu na wasan, da birnin ƙarƙashin kogi, da gadoji, da matakala, duk miƙaƙƙun layuka. Manaja ya ce za su jira ni.

Ɗazu na ce Yaya ta sa mini takarda a ƙasa daidai fuskata, ta ba ni fensir. Ta ce likita ya hana. Na ce likita ya hana ɗaga kai ne, bai hana hannu ba. Na daman a rufe yake, na hagun kuma farin takardar kawai yake gani. Na zura hannu ta gefen gado na ja layi ɗaya daga sama zuwa ƙasa, a hankali, yadda na yi dubbai a rayuwata.

Na ce, "Yaya, ya miƙe?"

Ta ɗauka ta duba. Ta ce, "Ya miƙe sarai."

Yaya ba ta iya ƙarya ba, muryarta sirancewa take yi. Rubuta haka, Yaya, kar ki gyara. Kuma ki daina jan hanci a kaina, ki miƙo mini wata takardar.